Ba Yakuwata Ce Ta Kawo Ƙwari Gonarku Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan kamfanin gonar gwaji da ke bayan gari, hanyar Al Awir, wanda ofishinsa ke Al Khabaisi.

Ta hannun duk wani mai jin Hausa a Dubai da wannan takarda ta faɗo wayarsa.

Don Allah, don Annabi, wani ya tsaya ya saurare ni yanzu. Ba sai an taso daga aiki ba, ba sai an ci abinci ba, yanzu. Yau Laraba. Gobe Alhamis da safe za a sa tarakta ta tuge wani layin yakuwa a ƙone shi, kuma in aka ƙone shi, an ƙone shaida ɗaya tak da ɗana ke da ita. Wanda ya iya Turanci ya juya wannan magana, wanda ya iya Larabci ya juya, wanda ya san ƙofar ofishin nan ya kai.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan kun tashi lafiya. An ce haka ake fara takardar manya, to na fara. Amma ka yi haƙuri gaisuwar ba za ta yi tsawo ba, raina a ɓace yake tun ranar Litinin.

Sunana Habiba, Iya Habi ake ce min, daga wani ƙauye a gefen Kura na fito. Ban yi boko ba. Allo ma iyakacina abin da zan yi salla da shi. Maƙwabciyarmu Saratu ce ke buga wannan a waya, nas ce, 'yar Kafanchan, ƙofarta na kallon tamu a hawa na huɗu a nan International City. Na ce mata kar ta gyara min magana, yadda ta fito daga bakina haka za ta sa.

Ni ce mahaifiyar ma'aikacinka mai kula da gonar kanola, shukar nan da ake matse man girki daga 'ya'yanta, wanda ka dakatar shekaranjiya. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. (Sunansa Sani. Ni Saratu na ƙara wannan.) Baban Ummi zan riƙa ce masa, don Ummi ce jaririyar da ta kawo ni ƙasar nan. Matarsa Zainab marainiya ce, ba ta da uwar da za ta zo mata wankan jego, ga shi tiyata aka yi mata aka ciro 'yar. Shi ya sa aka ɗora ni a jirgi, ni da ko Abuja ban taɓa zuwa ba.

Ka ce shi ya shuka baƙuwar ciyawa daga Afirka a gefen gonarka, ciyawar ta zo da ƙwari, ƙwarin suka cinye kanolar da kuke gwadawa. Ka ce ranar Litinin mai zuwa za a zauna a ofis a yanke maganar aikinsa. In aikin ya tafi, bizarsa ta tafi, ta Zainab ta tafi, takardun Ummi da ba a gama ba sun tsaya. To ga tawa maganar, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya. Ba shi ya shuka ba. Ni na shuka.

Da ka tambaye shi ya ce shi ne, ƙarya ya yi maka, kuma don ni ya yi ta. Rubuta haka, Saratu, kar ki kalle ni. Ya ji ka ambaci hukuma, ka ce shigo da iri ƙasar nan ba izini laifi ne, sai ya ga uwarsa a bayan motar 'yan sanda, ya ɗauki laifin ya aza wa kansa. Kai ma in kana da uwa ka san abin da ya sa.

Ga yadda aka yi. Bayan mun yi arba'in, zaman fulat ya ishe ni. Tunda nake ban taɓa yin wata guda ƙafata ba ta taka ƙasa ba sai a nan. Daga ɗaki sai falo, daga falo sai taga, in leƙa in ga motoci da 'yan Sin suna jan kaya. Ƙafafuna suka kumbura. Sai wata Asabar ya ce, Iya zo in kai ki ki ga inda nake aiki ki sha iska. Lokacin ba a shuka kanolar ba, ana gyaran fili ne, an shimfiɗa siraran bututun nan baƙaƙe masu ɗigar da ruwa. Ya shiga ɗakin injin da mutanensa, ni kuma na zaga. A gefen da rana ke fitowa, gindin babban tankin ruwa, na ga bututu ɗaya yana yoyo, ƙasa ta jiƙe shatata tun daga tanki har kusurwar shinge, ba komai a wurin.

Ranka ya daɗe, a garinmu ba a barin iyakar gona tsirara. Gero ne ko dawa ko gyaɗa, tsakiya ta maigida ce, gefe na mata ne, yakuwa ko rama ake zagayawa da ita. Ba a tambayar kowa. Uwata ta yi, kakata ta yi. A haɓar zanena akwai ƙullin gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, da na taho da shi cikin kayan miya tare da kuka da daddawa da kanwa. Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na riƙa tona rami da diddige ina jefawa ina rufewa, har na kai ƙarshen lemar. Mutum ɗaya ya gan ni, Gulam mai tuƙa tarakta, wani dattijo ɗan Pakistan mai jan gemu. Dariya ya yi ya ɗaga min babban yatsa.

Wannan laifina ne, na amsa. Gonar ba tawa ba ce, ban nemi izini ba. A filin jirgi kuma ba wanda ya tambaye ni me ke cikin jakata, ni ma ban san ana faɗa ba. In akwai hukunci a kan wannan, a kaina yake. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Tun Litinin in lif ya tsaya a hawanmu sai in kasa kunne, in aka ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauki mayafi. Amma tsoro daban, ƙarya daban. Na shuka yakuwa. Ban kawo ƙwari ba.

Na biyu. Ƙwarin nan ba a cikin iri suke zuwa ba.

Na san su. Ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, bayansu da tauri yana sheƙi, in ka kai hannu sai su yi tsalle kamar ƙuma ka neme su ka rasa. Ban san me kuke ce musu a littafi ba, ni 'yan tsalle nake ce musu. Tun ina budurwa nake faɗa da danginsu a lambun kuɓewa da rama a bakin fadama. Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ke ban ruwa, ni ke bin kunya-kunya da ƙwaryar toka da sassafe ina barbaɗawa tun raɓa ba ta bushe ba. Mai wannan aikin shekara da shekaru ba za a zo a koya mata daga ina suke fitowa ba.

Akwai ƙwaron da ke zama cikin ƙwaya, irin na wake da na masara, ka buɗe buhu ka tarar da shi da garinsa. Wannan ba irinsu ba ne. Shi ɗanyen ganye yake ci. Ka ƙulle shi cikin busasshen gurguzu a haɓar zane wata biyu, me zai ci? Ragowar gurguzun yana nan a gwangwani, a aiko mai madubin nan na duba ƙananan abubuwa ya zo ya zazzage shi a faranti.

Yadda suke shiga gona kuwa, da ƙafarsu da fiffikensu suke shiga, daga maƙwabta. Suna zaune a inda abincinsu yake, suna kwana ƙarƙashin busasshen ganye da hoge da ciyawar bakin kwata. Muddin abincin na nan ba sa damun kowa. Ranar da aka yanke abincin, ko ya tsufa ya yi tauri, ranar suke tashi. Da safe in akwai sanyi ba sa iya komai, sai ka kama su da yatsa. Amma rana ta take, ƙasa ta yi zafi, iska ta ɗan motsa, sai su bi iskar. Kuma ba sa faɗawa tsakiyar gona. Layin farko suke fara samu, su cinye, su matsa na biyu, su matsa na uku. Shi ya sa duk manomin da ya san aikinsa, in ya ga ɓarna, ba ya tambayar waye, tambaya yake daga wane gefe. Gefen da ya fi lalacewa, nan ne ƙofar da suka shigo.

Abin da suka fi so shi ne tsiro yana kunne biyu, ganyen nan na farko masu taushi. Su huda shi kamar rariya, rana ta ƙarasa shi. In shuka ta samu ta yi ganye huɗu biyar ta fi ƙarfinsu, ko sun huda za ta wuce. Kwanakin farkon nan su ne duk faɗan. Kuma a daidai kwanakin nan aka buɗe musu ƙofa a gonarka.

Na uku. Abin da idona ya gani.

Sau uku na je gonar nan, kai an ce min sau biyu ka je tun da aka fara shekarar noman.

Zuwana na biyu, yakuwata ta kai gwiwa, karanta ja, ganyenta shar. Baban Ummi ya riga ya gan ta, ya yi min faɗan wasa, ya ce Iya kin zo ƙasar mutane kina cin iyaka. Har ya tsinko mana muka yi fate Zainab ta sha. A satin aka shuka kanola. Na zaga ɗaya gefen, gefen alƙibla, wanda a ƙasar nan wajen faɗuwar rana yake, abin da har yau ban saba da shi ba. Can bayan shingen waya akwai gonar wasu, ba taku ba, sun shuka ganyen nan da Larabawa ke ci ɗanye da nama, jarjir. Ya tsufa, har ya fara fure. Na zura hannu ta wayar na tsinko. Ganyen duk huji. Na girgiza kara ɗaya, suka watse tar-tar-tar a hannuna.

Na kira shi na nuna masa. Na ce, in mutanen nan suka yanke ganyen nan lokacin da naku ke tsirowa, kun shiga uku. Ya ce Iya na gani, na ma rubuta wa ofis tun makon jiya, na ce a sa raga a jikin shingen nan, ko a je a roƙi masu gonar su jinkirta yanka, ko mu mu jinkirta shuka. Na ce me suka ce? Ya ce an ce a shuka ranar da aka tsara, baƙi za su zo kallo, dole su tarar da kore. Ranka ya daɗe, takardar nan tana cikin na'urarka. Ni ban iya karatu ba, amma kai ka iya. Buɗe ka duba ranar da ya aiko ta.

Zuwana na uku shi ne Asabar ɗin nan da ta wuce. Ya dawo gida ranar Alhamis bai ci abinci ba, Juma'a ma haka, na ce ba zan zauna ba sai na ga abin da ke hana shi ci. Muka je. Gonar jarjir babu ita. An yanke, an bi da haro, ƙasa ce fayau. Na tambayi Gulam da hannu, don ba na jin yarensa ba ya jin nawa. Ya nuna min yatsu biyar, ya nuna rana a tsaka, ya hura iska da baki yana kaɗa hannu daga gonar can zuwa taku. Kwana biyar ke nan, da tsakar rana, iska na busowa daga can. Ni da shi ba mu yi makaranta ba, amma mun fahimci juna sarai.

Sai na taka gonar da ƙafata, daga wannan shinge zuwa wancan, da kumburarrun ƙafafun nan. Layukan da ke jikin shingen jarjir, babu komai, sai ɗan tsinke-tsinke a tsaye, an cinye har ƙasa. Na ƙara gaba, tsiro na nan amma kamar an sossoke shi da allura. Tsakiya, huji ɗaya biyu. Da na iso gindin tanki, wajen yakuwata, kanolar da ke nan ita ce mafi lafiya a duk filin. In daga yakuwata suka fito, ashe sai su tsallake abincin da ke bakin ƙofarsu, su yi tafiyar gona guda, su je can ƙarshe su fara ci suna dawowa baya? Wane irin ƙwaro ne wannan? Ko akuya ba ta haka.

Kuma ganyen yakuwar kanta, na bi shi ɗaya-ɗaya. Babu huji. Ko ɗaya.

Saratu za ta tafi asibiti, lokacin aikinta ya yi. Hajiya Rabi ta hawa na biyu, mai harkar kago a Deira, ita ta karɓi wayar. Hajiya, ci gaba daga nan, kar ki rage komai.

Na huɗu. Kowane ƙwaro da abincinsa.

'Yan tsallen da ke cin yakuwa da kuɓewa a garinmu jajaye ne, ja mai duhu kamar ƙasar tukunya, wasu kuma baƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma sun ɗan fi waɗannan girma. Na gonarka baƙaƙe ne sitik, ƙanana, wasu da zane rawaya biyu a baya. Ban taɓa ganin masu zanen nan a kan yakuwa ba. Na murje ganyen kanola a yatsa na shinshina, na murje na jarjir da ya rage a jikin waya na shinshina. Wari ɗaya ne, yaji-yajin nan mai hawa hanci. 'Yan uwan juna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yakuwa kuwa tsami ne da ita, ba danginsu ba ce. An rushe musu gida, suka ji ƙanshin gidan ɗan uwa a tsallaken shinge, suka taho. Shi ke nan maganar.

Amma na san za a ce tsohuwa ce, surutu take. Shi ya sa kafin mu baro gonar na ɗauki gorar ruwa ta roba, na kakkaɓa su a ciki, sun fi ashirin. Na sa ganyen yakuwa biyu, na sa tsiron kanola biyu, na huda murfin da allura don su sha iska. Tana kan firij yanzu haka, yau kwana huɗu. Kanolar sun gama da ita tun ranar Lahadi, sai jijiya. Yakuwar ta yi yaushi, amma ba su taɓa ta ba. Yunwa suke ji, wasu har sun mutu, ga ganye a gabansu sun ƙi ci. Hajiya Rabi na kallon gorar, Saratu ta gani, Zainab ta gani. Kuna da ɗakin gwaji mai sanyi da mutane masu fararen riguna. Ni gora ɗaya gare ni. Ku yi naku mu gani in zai fito daban.

Na biyar. Abin da kai ka yi.

A nan ne raina ya fi ɓaci, kuma Hajiya na ce min in sassauta. Ba zan sassauta ba, Hajiya, rubuta.

Ka zo ranar Litinin bayan baƙinka sun fasa zuwa. An ce min motarka ta shiga ta babbar ƙofa ta tsaya gindin tanki, don nan ne kaɗai inuwa. Ba ka taka zuwa shingen can ba. Ba ka tambayi me aka yanke a maƙwabta ba. Ba ka durƙusa ka juya ganye ɗaya ba. Ka sauke gilashi, ka ga wani abu mai jan kara da ba ka sani ba, ka ɗauki hotonsa da waya, ka tambayi menene wannan. Aka ce ganyen miya ne na Najeriya. Shi ke nan ka samu mai laifi. A gaban leburorin da yake shugabanta ka ce masa ciyawar Afirka ta kawo ƙwaron Afirka, ka karɓi makullin ɗakin injin daga hannunsa, ka ce halas, wai an gama ke nan da Larabci, ya tafi gida.

Halas? Shekara shida yana yi muku aiki. Lokacin zafin nan da ko tsuntsu ba ya fita, shi yana can yana duba bututu. Ranar da aka shiga da matarsa tiyata daga gonarku aka kira shi, da ƙasa a wandonsa ya iso asibiti. Yaron da na sayar da awakina na kai shi makarantar koyon noma, ya fi ni sanin ƙwarin nan sau goma, da sunansu na littafi da komai. Duk abin da na faɗa a takardar nan ya sani. Me ya hana shi faɗa maka? Ka riga ka ambaci hukuma. Ka ɗaure masa baki da uwarsa. Ya gwammace a ce bai san aikinsa ba da a ce an kira ni ofishin 'yan sanda.

To ni ban yarda ba. Ban haife shi don ya zama garkuwata ba.

Kuma ina tambayarka, Ranka ya daɗe, da girmanka da karatunka: saurin me ake yi a ƙone yakuwar gobe, tunda zaman sai Litinin? Gulam ne ya bugo wa Baban Ummi ya faɗa, ya ce an ba shi umarni daga ofis, da safe, a tuge a zuba mai a cinna. In ka tabbata ita ce mai laifi, ai ka bar ta a tsaye kowa ya zo ya ga ƙwarin a jikinta. Mai gaskiya ba ya ƙone shaida. Ban ce ka san abin da kake yi ba. Wataƙila tsoro kake ji kai ma, akwai na sama da kai da za su tambaye ka ina kanola, ina takardar da aka aiko maka. Na san tsoro, ina cikinsa. Amma ba a sauke shi a kan ɗan wani.

Ga kuma abin da ba ka sani ba, kyauta zan ba ka. Filinku na biyu, na bayan ɗakin injin, wanda aka shuka daga baya, yanzu yake fasa ƙasa. Masu jarjir suna da sauran fili ɗaya da ba su yanke ba, yana kallonsa, na gan shi ya fara fure. Yau ko gobe ko jibi za su sa masa wuƙa. Ka kori ɗana, ka ƙone yakuwata, ka sa ni a jirgi, ranar da aka yanke ganyen nan da rana tsaka za su tsallako. Ƙwaro bai san an kori kowa ba. A ranar, wa za ka ɗauka hoto?

Abin da nake roƙo, ba shi da yawa.

A bar yakuwar nan a tsaye har Litinin. Bayan zaman, ni da kaina zan tuge ta da hannuna in kun ba ni izinin shiga, ba sai an ɓata man tarakta ba.

Ka zo gonar, ka sauka daga mota, ka fara daga shingen faɗuwar rana ka taka zuwa tanki. Ka zo da wanda ya san ƙwari, wanda ba a ƙarƙashinka yake ba, ba kuma ɗan garinmu ba, don kar a ce. Ka zo da safe kafin rana ta yi zafi, lokacin suna kamuwa.

A buɗe takardar da ya rubuto kafin shuka, a karanta ta a wurin zaman da ƙarfi.

A tambayi Gulam, a kawo mai jin yarensa, kuma kar a taɓa aikinsa don ya faɗi abin da ya gani. Dattijo ne, yana da 'ya'ya a ƙasarsu.

A aika wa masu jarjir yau, a roƙe su su dakata kwana goma, ko a sa ragar nan. Wannan ba don ɗana ba ne, don shukar ce. Ba na iya ganin tsiro yana mutuwa a banza ko na waye.

Maganar iri kuma, in dole sai an kai ta gaban hukuma, a kai sunana. Habiba. Fasfona na cikin jakar hannuna, na ɗaure kayana tun jiya. Abu ɗaya nake roƙo, a bar Hajiya Rabi ko Saratu ta raka ni, don ba na jin abin da suke faɗa, kuma ban san inda ake dangwala hannu ba.

A mayar masa da makullinsa a gaban mutanen da aka karɓe shi a gabansu.

Ban zage ka ba, Ranka ya daɗe, in kuma wata kalma ta yi zafi, daga cikin uwa ta fito. Allah ya ba ka lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar da za ka sauko ka duba, ya tsare ka daga ɗaukar alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ya raya abin da ya rage a gonar nan.

Wassalam.

Ni ce,
Habiba, Iya Habi, kakar Ummi.

Tsaya, Hajiya, kar ki tura tukuna. Ɗaga yatsanki daga wurin. Ƙara wannan a ƙasa, kowa ya gani.

Baban Ummi bai san ina yin wannan ba. Ya fita tun hantsi, ya ce zai je Al Muraqqabat wajen wani abokinsa ya ji ko akwai aiki a wani wuri. In takardar nan ta isa ofis bai sani ba, manaja zai kira shi ya tambaye shi, shi kuma zai sake cewa shi ya shuka, ya zama ya yi ƙarya sau biyu, kuma ni na jawo masa. Ga shi lambar Gulam a wayarsa take, shi kaɗai zai iya ce masa ya riƙe taraktar nan. Ni ba zan iya kallon idonsa in faɗa masa ba. Ki kira maigidanki Alhaji, tare suke sallar la'asar, ya ja shi gefe a ƙofar masallaci ya karanta masa tun daga farko. Ya ce masa uwarsa ta ce ta riga ta faɗa, kuma ba shawara take nema ba, umarni ne: in an tambaye shi ya faɗi gaskiya.

Kafin manaja, kafin masu juyawa, kafin kowa, Baban Ummi za a fara gaya wa.